Mai Shara da Tutar Astarakan

Ban san an cuce ni ba sai da aka miƙo mini iƙama, katin zama a Saudiyya, wata biyu bayan saukata. Larabina na allo ne, ba na ofis ba, don haka na kai wa wani ɗan Sudan da muke ɗaki ɗaya ya karanta mini. Ya bi layi-layi da yatsa har ya zo inda ake rubuta sana'a, ya tsaya ya dube ni, ya ce an rubuta mai shara. Na ce ya sake dubawa. Ya sake, bai canza ba.

Sunana Lawal. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan keken ɗinki a Zariya, kuma kafin in hau keke sai da na yi shekara huɗu ina aikin hannu a gaban kawuna, yana ƙwala mini kan almakashi a ƙeya duk lokacin da layi ya karkace. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya rantse cewa shagon tela zan zauna a Madina, ina jin kiran salla daga Masallacin Manzo. Na sayar da kekena a kan wannan rantsuwa. Har yau idan na tuna fuskarsa sai in ji ƙirjina ya ɗau zafi.

A Yanbu, wani gari a bakin teku, aka fara ajiye ni, ba a Madina ba. Wani kamfanin tsafta ne ya karɓe mu, aka ba ni kasuwar kifi. Ina wanke ƙasa, ina kwashe hanji da ɓawo, ƙarni ya shige mini fata har sabulu ya gaji. Abin da ya fi damuna yatsuna ne. Ruwan maganin da muke wanki da shi ya tsattsaga su, na riƙa kallonsu kamar na wani. Ɗan Sudan ɗin nan, Allah ya saka masa, shi ya lura, ya sayo mini safar hannu ta roba da man shafawa, ya ce tela ba ya wasa da yatsa. Shi kaɗai ya kira ni tela a garin nan.

Matata Hadiza kullum a waya sai ta ce in turo mata hoton shagona. Wata Juma'a na tsaya a ƙofar shagon wani ɗan Pakistan na ɗauki hoto na tura mata. Ta nuna wa gidanmu duka. Kunyar wannan ƙaryar ta fi ƙarnin kifi daɗewa a jikina.

Da lokacin dabino ya zo aka ara mu ga wata gona a Badar, kamar yadda ake aron tabarma. A nan ƙayar dabino ta shige mini babban yatsa. Wani dattijo ɗan Tawa, Malam Idi, wanda ya daɗe a gonar, shi ya cire mini ita, ya gasa wurin da ruwan zafi da gishiri har ya warke. Ba ni da abin ba shi, sai na karɓi jallabiyarsa da ta yage a kafaɗa na ɗinke da hannu, na ƙara masa ɗan aiki a wuya don kada hannuna ya manta. Wannan wuyan rigar ne ya kai ni Madina.

Wani mutum ya zo sayen dabino, baƙi ne kamar mu amma cikin farar riga da hiramin Larabawa. Ya kama wuyan rigar Malam Idi ya duba, ya tambayi wanda ya yi. Aka nuno ni. Ya juyo ya ce da Hausa, wata Hausa ta tsofaffi mai nauyin Larabci: “Kai ɗan ina ne, ya waladi?” Ya waladi, wato ɗana. Saura kaɗan hawaye su zubo mini. Ya ce sunansa Bakur, a Madina aka haife shi, kakansa ya taho daga Katsina a ƙafa. Yana da shagon ɗinki a Aziziyya. Ya ce zai mayar da ni ƙarƙashinsa, kuma da zarar na zauna zai je a canza mini mihna, wato sana'ar da ke kan katin, a rubuta tela. Na fara kiransa Ammi, kamar yadda yaran Madina ke kiran baffa.

Ya cika rabin alkawari, ya kai ni Madina. Ba zan ɓoye ba, ranar da na fara tsayuwa a gaban Manzon Allah na yi sallama, na ji duk wahalar Yanbu ta sauka. Amma shagon Ammi Bakur gida biyu ne. A gaba akwai gilashi da sanyin na'ura da yadudduka a jere. A baya akwai wani ɗaki marar taga, da keke, da dutsen guga, da ni. Dokar ƙasar ta hana mutum yin aikin da ba shi ne a katinsa ba, saboda haka idan masu bincike suka shigo layin, sai ya ƙwanƙwasa bango sau biyu, in rufe keken da zane in fito ina goge gilashi. Masu kawo ɗinki suna yabon hannun telan Ammi Bakur, shi kuma ya ce musu yana da ma'aikata a wani wuri.

Shekara biyu ina tambayarsa zancen katin. Amsar ɗaya ce: “Isbir ya waladi, bukra insha Allah.” Wato in yi haƙuri, gobe in Allah ya yarda. Wani lokaci kwamfutar hukuma ce ta tsaya, wani lokaci bayan Hajji, wani lokaci bayan azumi. Kuma na lura da wani hali nasa da ya riƙa ci mini rai. Idan da mutane, Larabci yake yi mini, gajere, ba ya ko kallona. Hausa sai yana son wani abu a wurina.

A cikin watan Sha'aban wani tsoho fari sol ya shigo shagon da 'yarsa. Ina goge gilashi ne lokacin, shi ya sa na gan su. Sun zo Umara daga Rasha, daga wani tsohon gari da ake kira Astarakan, inda babban kogi ke gangarawa teku, jiragen ruwa na tsayawa. Ni a lokacin ban ma san akwai Musulmi a can ba. Sunan tsohon Rashid, 'yar kuma Alfiya, tana jin Larabcin littafi. Ta buɗe jaka ta fito da tuta a naɗe. Fara ce amma ta koɗe ta koma ruwan toka, da kambi a tsakiya, da lanƙwasasshen takobi a ƙarƙashinsa, da shuɗin layi mai kama da igiyar ruwa. Ta ce tutar garinsu ce. Babanta yana ɗaura ta a sanda, tsofaffin ayarinsu suna binta a cikin cunkoso don kada su ɓace. Ƙofar mota ta kama ta ta yage a gefe, suna so a ɗinke.

Tsohon ya sa ta nuna mana hoto a waya. Wani tsohon gini ne mai dogayen tagogi, ƙanƙara a kan rufinsa, da sanda a can sama. Ofishin magajin garinsu ke nan. Ya nuna sandar, ya nuna ƙirjinsa, ya yi alamar jan igiya. Alfiya ta ce aikin babanta ke nan har ya tsufa: shi ke kula da ginin, shi ke hawa ya ɗaga tuta ya sauke. Ammi Bakur yana ta gyaɗa kai yana “ma sha Allah”, amma idonsa na kan koɗewar yadin. Ya ce su dawo jibi.

Suna fita ya same ni a baya, ya jefa tutar a kan keke. Ya ce baƙon Manzon Allah ne, ba za a mayar masa da tsumma ba, in yi masa sabuwa fil, ya ga karamcin mutanen Madina. Nan ne laifina ya shigo, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Maganar ta yi mini daɗi. A wurinmu, idan mutum ya kawo tsohuwar rigar da yake so, farke ta ake yi a ɗauki fasalinta a yanka masa sabuwa, tsohuwar ta tafi buhun ƙyallaye. Faci aikin masu yawo da keke a ka ne, kawuna ba ya ko barin a ambace shi a shagonsa. Ni kuma shekara biyu ina ɗinka farar jallabiya bayan farar jallabiya, hannuna yana ƙaiƙayin aikin da zai nuna ko ni wane ne.

Na ɗauki almakashi. Na yanke kambin, na yanke takobin, na bi igiyar ruwan na fitar da ita, na ɗora su a kan sabon yadi na zana da alli. A gefen da iska ke kaɗawa na ga wani ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, a karkace, da zaren da bai ma dace da yadin ba, an yi shi a wurare da yawa. Na yi tsaki na ce ko wace ce ta yi wannan, da kawuna ya gani da ta sha kan almakashi. Na yanke gefen na jefar. Wani ɓangare nasa ma na goge man keke da shi.

Sabuwar ta fito yadda nake so. Na yi kambin da zare ruwan zinariya, takobin kamar ka zare shi. Ammi Bakur ya ɗaga ta ya ce, “Wallah kai mu'allim ne.” Gwani ke nan a bakinsu. Ranar da farin ciki na ci abinci.

Da suka dawo ya shimfiɗa musu ita a kan tebur yana murmushi. Tsohon ya duba, ya shafa, ya gyaɗa kai alamar ta yi kyau, sannan ya miƙa hannu yana jiran tasa. Alfiya ta tambayi ina tsohuwar. Ammi Bakur ya ce ai wannan ta maye gurbinta, kyauta ce daga gare shi. Ta fassara wa babanta. Ina tsaye a bakin ƙofar baya na ga fuskar tsohon nan ta canza. Bai yi ihu ba. Ya dafa tebur ya zauna a kujera ba wanda ya ce ya zauna.

Alfiya ce ta yi magana. Ta ce iskar kogi tana cinye bakin tuta da wuri, kuma babanta ba ya son a ga tutar garinsu a tsiyaye a kan ginin da yake kula da shi. Saboda haka yakan kai ta gida, mahaifiyarta ta kalmashe bakin da hannu, ya mayar. Wannan ita ce ta ƙarshe da ya sauke ranar da ya bar aiki, aka bar masa ita. Sun yi niyyar zuwa Madina tare, mahaifiyar ta rasu kafin lokacin. Abin da ya rage da hannunta a jiki ke nan, shi ya sa ya taho da ita. Ta ce idan ba a fito da ita ba, za ta kai ƙara ta hannun jagoran ayarinsu.

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ɗinkin da na yi wa tsaki ke nan.

Kalmar ƙara ce ta tayar da Ammi Bakur, don ya san idan aka zo, tambayar farko ita ce wa ke ɗinki a shagon. Ya juyo ya nuna ni da yatsa. Cikin Larabci mai daɗi ya ce musu telansa ya ajiye tsohuwar a gefe da kyau, wannan mai sharar ne ya kwashe ta da bola, miskini ne, jahili, bai san darajar komai ba, su yafe masa don Allah. Sannan, fuskarsa na kallonsu, ya yi ƙasa da murya ya ce mini da Hausa:

“Sunkuyar da kai ka yi shiru, ya waladi. Wallahi gobe-goben nan za mu je a rubuta maka tela. Na rantse da kabarin kakana.”

Na san wannan karon da gaske yake, tsoro ya kama shi. Abin da na bar gida dominsa, abin da na wanke kasuwar kifi ina jira, ga shi an miƙo mini, kuɗinsa kawai in yarda ni jahili ne na minti biyar. Tsohon da 'yarsa za su tafi, ba za su sake ganina ba. Na sunkuyar da kan, har na fara shirun. Amma buhun ƙyallayen yana bayana, taku uku, na san duk guntayen suna ciki. Idan na yi shiru, tsohon nan zai koma ƙasarsa yana zaton hannun matarsa yana cikin bolar Aziziyya. Kuma raina ya riga ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba: mutumin da jiya ya kira ni gwani, yau ya sayar da ni a gaban baƙi da harshen da ya ɗauka ba na ji sosai, yana lallashina da harshen uwata.

Na shiga baya na jawo buhun na zazzage shi a tsakiyar shagon. Da guntun Larabcina na ce wa Alfiya ni ne telan, babu wani. Ni na yanka, da hannuna, ba a zubar ba, ga su nan. Idan za su ba ni kwana uku zan haɗa.

Ammi Bakur ya ce da Hausa, a hankali, “Ka kashe kanka.” Na ce masa, “Ammi, kai ka fara.”

Tsohon ya durƙusa a ƙasa, da tsufansa, muka riƙa tsince guntayen tare daga cikin farin ƙyallen jallabiyoyi. Da ya ɗago wanda na goge mai da shi, baƙi ƙirin a gefe ɗaya, ya daɗe yana kallonsa. Na so ƙasa ta buɗe. Ban ɓoye ba, na ce wa Alfiya ta faɗa masa abin da na yi da shi. Ya saurara, ya ninke shi ya sa a aljihun ƙirjinsa.

Ammi Bakur ya hana ni taɓa kekensa, ni ma ban nema ba. Kwana uku ina zuwa masaukinsu kusa da Harami bayan sallar azahar. Na shimfiɗa siririn yadi a ƙasa, na jera guntayen a kai, na riƙa haɗawa da allura, irin aikin da na raina duk rayuwata. Tsohon yana riƙe mini gefe. Ba ma jin maganar juna. Idan na zo kusa da ɗinkin matarsa sai ya sa yatsa a kai, in kewaye, ban taɓa ko zare ɗaya nata ba. Ranar farko ko ruwa bai ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Rana ta biyu ya haɗa mini shayi. Rana ta uku ya fito da busasshen kifin garinsu, mai gishiri kamar me, ya ɓare ya miƙo mini. Tun Yanbu na rantse ba ni ba kifi, amma na cinye shi tas. A ranar ne ya ciro guntun nan daga aljihu ya ba ni in mayar da shi wurinsa. Man bai fita ba duk wankin da ya yi masa.

Tutar ta haɗu, amma duk inda almakashina ya bi ana gani. Na ba shi haƙuri ta bakin 'yarsa. Ya ce ta faɗa mini ya yafe yankan, tunda na faɗi gaskiya, amma kada in sake raina ɗinkin da ban san wanda ya yi ba. Sabuwar kuwa, mai zaren zinariya, ya ce a mayar wa mai shagon. Da la'asar na tsaya a harabar masallaci na hango ta a kan sanda tana tafe a saman kawunan mutane, toka-toka, da tabon mai a gefe, tsofaffi na binta a hankali. Ba su kai ƙara ba.

Ammi Bakur bai jira ba. Ina komawa shago ya sanar da ni ya buga mini khuruj niha'i, fita ba dawowa. Ya ce na ci amanarsa, shi da ya tsamo ni daga gonar dabino. Na kira Hadiza na faɗa mata komai, har da hoton shagon ɗan Pakistan. Ta ce in dawo kawai, kawu bai mutu ba, akwai keke a shagonsa. Katin nan dai da mai shara a jiki suka ba ni shi, haka kuma zan mayar musu.

Sai dai Ammi ya yi fushinsa bai duba watan da ake ciki ba. Azumi ya kama, ɗinkin Salla ya taru a baya har ya kai rabin bango, kuma kowane tela a Madina hannunsa a cike yake. Kwana biyu yana shiga yana fita, a na uku ya same ni a bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata, Hausa ta dawo bakinsa.

“Ya waladi, khalas, abin da ya wuce ya wuce. Ka gama mini waɗannan kafin jirginka, mu rabu lafiya. Mu fa jini ɗaya ne.”

Na ce, “Ammi, ka manta doka? Ni mai shara ne. Kada in jawo maka fitina.”

Sauran kwanakin da suka rage mini a Madina a kan kujera na yi su a ƙofar shagon, da azumi a bakina, hannuwana a kan gwiwa. Gilashin nan kullum yana ƙyalli, ban taɓa barin ƙura ta kwana a kai ba. Mutane suka fara zuwa karɓar kayan Sallarsu, suna fita da yadi a leda yadda suka kawo shi, wasu na zage-zage. Duk wanda ya tsaya ya tambaye ni ina telan yake, sai in nuna masa Ammi Bakur.